Mutum Ɗaya Za Ku Aiko

Takarda ta fito daga hannun Babban Likita, shugaban Asibitin Gindin Dutse na ƙasar Kankara, mai allura da wuƙar fiɗa, wanda ya yi karatu a bayan teku, zuwa ga Malam Maharazu na Ruwan Godiya. Gaisuwa da aminci da girmamawa.

Bayan haka, ɗanka Abdulƙarim yana hannunmu. Kumburin ƙafafunsa ya fara sacewa, jiya ma ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Sai dai abin da kuka yi ran kasuwar Yankara da ta wuce bai yi mana daɗi ba. Mota guda kuka ciko, maza da mata da goyo, har da wata tsohuwa mai kaza a hammata. Kuka zazzauna kan gadajen marasa lafiya, kuka dama fura a ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya ya zagaye ɗaki tun daga ƙofa har ƙurya. Malam, asibiti ba gidan suna ba ne.

Saboda haka mun yanke hukunci. Daga yau an hana zuwa dubiya a ayari. Mutum ɗaya za ku aiko, ba biyu ba, kuma ku zaɓi wanda gona ba za ta yi kewarsa ba. An hana fura. An hana kaza. Kada ku tambayi dalili, gwamnati ba ta faɗin dalili. Duk wanda ya saɓa, akwai wata allura da muka ajiye a kabad, asalinta ta shanu ce, tana jiransa.

Sai maganar ƙaramin ɗanka Bilya da ke jinyar wansa. Tun da nake aiki ban taɓa ganin yaro mai hankali da natsuwa irinsa ba. Mun cire shi daga yankan dawar bana. Jinya tana cin jiki, don haka a aiko masa da soyayyen zabo, a barbaɗa yaji sosai. Wannan ma umarni ne.

Akawuna ne ya juya maganata da ajami don ta zo maka da sauƙi. Ga hatimi a ƙasa. Haza wassalam.

*

Gindin Dutse, ranar Talata.

Zuwa ga Larai ɗiyar Kawu, taubashiyata, wadda duk Sabuwa ta san ƙaurin tuwonta. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, Allah shi ƙara mashi haƙuri.

Ki gyara zama, don yau ba Bilya ke maki magana ba, Babban Likita ne. In kin je Ruwan Godiya za ki iske Baba ya adana wata takarda mai shuɗin hatimi cikin gafakarsa. Ni na tsara ta. Hatimin, gindin kwalbar magani ne na tsoma cikin shuɗin nan da ake shafa wa gyambo. Hannun da ya rubuta dai ba nawa ba ne, tun da Baba shi ya koya mani riƙon alƙalami, daga nesa zai gane jan layina. Malam Gide ne, wani dattijo mutumin Kankara da gadonsa ke maƙwabtaka da na Yaya Abdulƙarim. Ina faɗa yana rubutawa, yana dariya har gado na ƙara. Allurar shanu shi ya ce a sa. Zabon nawa ne.

Kafin ki ce shaƙiyancina ne ya motsa, ki ji dalili.

Ɗakin da aka kwantar da Yaya ba kamar sauran ba ne. Masu ciwon ƙoda ne a ciki, da masu ciwon jini, da waɗanda doguwar cuta ta rarake. Sista Alheri, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da su, ta ja ni gefe tun satin da muka zo. Ta ce jikin kowane mutum yana da masu gadi, su ke korar ƙananan cututtuka tun mai jikin bai sani ba. Ƙwayar da ake ba Yaya don kumburinsa ya sace, ita ce kuma ke sa masu gadin nan barci. Murar da yaro zai yi yana tsere da ita a bayan gida, in ta shigo ɗakin nan ƙirji take sauka, kuma ba ta tsayawa gado ɗaya. Ta ce bara ta shiga, daga baya aka fitar da katifu rana, masu su ba su koma kansu ba.

Ta ce in faɗa wa mutanenmu su rage zuwa. Na faɗa. Na ba Harisu direba saƙon baki, ya kai. Kin san amsar Baba? Wai wanda ya tura dattawan gari Daudawa da buhuna a kafaɗa, ya ce masu ana rabon takin zamani kyauta, shi ne yau zai hana shi ganin ɗansa? Aka yi dariya, aka ciko mota.

Ni ban ma ga laifinsu ba. A wajenmu, marar lafiyar da ba a cika mashi ɗaki ba cewa ake ba shi da kowa. Malam Gide, da ba mai zuwa wajensa sai wata ɗiyarsa jefi-jefi, ya ce mani ranar nan ya fi kowa jin daɗi, don tsofaffinmu sun gaishe shi kamar nasu. Amma ya ce Sista ta fi shi gaskiya, in kawo alƙalami.

Wani abu na lura da shi, Larai. Manya ba su faɗin dalili. Ranar da aka zo auna sabuwar hanya ta tsakiyar gonar Baffa Mamuda, wa ya tsaya yi mashi bayani? Turaku kawai aka kafa, kowa ya kama bakinsa. Shi ya sa ban sa dalili a takardar ba. Da na sa, da sun gane talaka ne ya rubuta.

Yaya bai san komai ba. Yana samun sauƙi, har ya fara cewa in ya tashi zai koma Kaduna wajen aikin gininsu, wai a can ko mai ɗaukar siminti yana da rediyo. Na ce mashi ya bari takalmi ya shiga ƙafarsa tukuna.

In kika tona ni, zan rubuta wa maigidanki takarda daga Alƙali. Ki gaida Kawu in kin je gida.

Naki, Likita Bilya.

*

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Takarda daga hannun talakanku Maharazu na Ruwan Godiya zuwa ga Babban Likita. Allah shi ƙara girma, shi sa albarka ga hannunka. Gaisuwa mai yawa da ban girma.

Bayan haka, takardarka ta iso. Na karanta, na kuma karanta wa jama'a a bakin masallaci bayan la'asar. Mun ji kunya ƙwarai. Ba raini ya kai mu ba, haka muka taso muka iske ana dubiya. Mun ji, mun bi, na kuma yi alkawari gaban mutane ba mai saɓawa.

Zaɓen mutum ɗayan ne ya ba mu wahala. Dawa ta nuna, shanun makiyaya sun fara zagaye gonaki, samarin gari kuwa sun tafi birni aikin gini da na hanya. Duk mai iya riƙe lauje shina gona. Ni na so in zo, amma in na taso ba mai tsaya wa aiki. Sai Allah ya kawo mafita. Ƙanena Mamuda mura ta kama shi tun shekaranjiya, da tari da ɗan zazzaɓi, in ya sunkuya kansa sarawa yake. Gona ba za ta yi kewarsa ba, kamar yadda ka ce. Kuma tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu, shi duba ɗansa, ku kuma ku duba shi. Murar bana ba gidan da ba ta shiga ba, amma da sauƙi, ba ta daɗe a jikin mutum.

Na hana shi ɗaukar fura, na hana shi tafiya da kowa. Na umarce shi shi bi kowane gado shi ba marar lafiya hannu a madadinmu duka, don kada su ce mutanen Ruwan Godiya sun yanke zumunci. Shi kuma yi wa Abdulƙarim tofi a madadina.

Abin da ka faɗa game da Bilya ya ba ni mamaki. Har na ce ko akwai wani Bilyan a asibitin. Na karanta wa uwarsa, ta ce in sake karanta mata wajen. In shi ne, alhamdu lillahi, shiriya ta Allah ce.

Wannan takarda da zabon suna hannun Harisu direba. Allah shi saka maka da alheri. Haza wassalam.

*

Gindin Dutse, ranar Lahadi.

Larai, ina gaisuwa. Yau ba ni da tsiyar da zan yi maki.

Na haɗo maki da takardar da Baba ya rubuto wa Likita. Ki karanta ta tukuna, sannan ki dawo kan tawa.

Ran kasuwa na yi niyyar tsayawa bakin ƙofar asibiti in tare duk wanda aka aiko, in dube shi kafin ya shiga. Sai na tuna Baba ba zai ƙi ba da amsa ba, kuma in amsar ta faɗa hannun likitan gaske na shiga uku. Ga kuma zabo. Sai na ruga tasha in tari Harisu. Ashe ya sauke Baffa Mamuda a ƙofar asibiti kafin ya ƙarasa. Ina tsaye a tasha, ƙwaryar zabo a hammata, ina karanta takardar ina dariyar wajen da Baba ya ce ko akwai wani Bilyan. Daga ƙasa na fara karantawa don in ga ko an yabe ni. Da idona ya hau sama ya kai kan sunan Baffa, ban san lokacin da na kama gudu ba.

Na iske ya gama. Kin san Baffa, in an ba shi saƙo ba ya rage ko ɗigo. Ya bi gado gado, hannu biyu yake ba kowa, ya tambayi sunan uban mutum da garinsu. Ya sha ruwa a moɗar randar ɗakin. Ya ta da Yaya zaune, ya yi mashi tofi a fuska da ƙirji. Lokacin da na shiga yana zaune bakin gadon Malam Gide, suna hirar wani malami da suka taɓa sani a Faskari, yana share hanci da bakin rawaninsa.

Malam Gide ya dube ni, na dube shi. Shi ma ya gane tun tarin farko, amma ya ce mani daga baya ba ya iya janye hannunsa daga mutumin da ya zo daga nesa ya miƙo mashi nasa.

Sista Alheri ta shigo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Baffa, Baba zo mu duba ka a waje, ta fita da shi gindin dalbejiya, ta ba shi ƙwaya, ta yi mashi bayani. Na ga Baffa ya cire hula ya riƙe, yana kallon hannayensa.

Ba a rufa sati ba ɗakin ya kama. Na bakin ƙofa ya fara, sai Malam Gide, sai wani mai ɗinki ɗan Kankara, sai Yaya. Ba irin murar da muka sani ba ce, Larai. A jikinsu ba ta tsayawa hanci. Numfashi ke zama aiki, kamar mutum na jan guga daga rijiya mai zurfi. Sista ta sa an rarraba gadaje, an buɗe tagogi duka, an fitar da randa, kowa da kofinsa. Mu masu jinya an ɗaura mana ƙyalle a hanci da baki, ana sa mu wanke hannu har fata ta yi fari. Tukunyar iskar numfashi da ke akwai ana zagayawa da ita wajen wanda ya fi matsuwa.

Na je na faɗa wa Sista komai, har da gindin kwalba. Na zaci za ta kore ni. Sai ta ce murar ta cika garin, mai sharar ɗakin ma ya yi tari kafin Baffa ya zo, masu kawo abinci suna shiga suna fita, ba wanda zai iya rantsuwa ta ƙofar da ta shigo. Na ce to ba Baffa ba ne ke nan. Ta ce ba ta ce haka ba. Ta ce in je in juya wana, ya daɗe a gefe ɗaya.

Abin da ke ci na shi ne layi ɗaya. Kada ku aiko mai tari. Da na sa shi, da shi ke nan. Na sami wurin allurar shanu, na sami wurin yabon kaina, wannan ne ban sami wurinsa ba.

Zabon ban iya ci ba. Malam Gide ya ce a ba shi cinya, wai ladan akawu.

Ki sa Kawu shi yi wa Yaya addu'a. Ki dawo mani da takardar Baba.

Bilya.

*

Sabuwa, ranar Alhamis.

Zuwa ga Bilya ɗan Gwaggo. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya da jiki, Allah shi tashi kafaɗarsa. Ga takardar na dawo da ita.

Na so in fara da cewa Likita ya aka ji da marasa lafiya, har na rubuta, na goge. Zan ajiye maka ita sai ranar da za ka iya ramawa.

Na je Ruwan Godiya shekaranjiya. Baffa Mamuda ya warke sarai, amma ya daina zama dandali. In an yi sallah shi ne farkon fita. Matarsa Barakatu ta ce mani yana wanke hannu ko ba abin da ya taɓa. Gwaggo kuwa duk wadda ta shigo gidan sai ta ba ta labarin yadda Babban Likita ya yabi ɗanta. Ni ma ta ba ni. Na ce Allah ya ƙara shiriya, na sunkuyar da kai.

Ban tona ka ba, ba kuma zan tona ba, ba aikina ba ne. Amma ka ce manya ba su faɗin dalili. To su manyan, in abu ya lalace ba su ke kwana da shi ba. Kai ka ara rigarsu, ka ara har da halinsu, ga shi kai ke zaune bakin gadon.

Wannan bayanin na masu gadi da ka rubuto mani, na karanta sau ɗaya na gane, ni da kake cewa ban iya komai ba sai ƙona tuwo. Na faɗa wa surukata ta gane. Me ya sa kake ganin Baba Malam ba zai gane ba? Saƙon baki ka aika ta hannun Harisu, mutumin da ko gaisuwar mutuwa ya kai sai an yi dariya. Ba ka taɓa zama ka rubuta mashi da hannunka ba.

Kawu ya sa almajiransa sun yi sauka. Ka ci abinci, in ka faɗi ba mai juya Yaya.

Taubashiyarka, Larai.

*

Da sunan Allah. Daga Maharazu na Ruwan Godiya zuwa ga Babban Likita. Gaisuwa da ban girma, da ta'aziyya.

Bayan haka, Harisu ya kawo mamu labarin mura ta shiga ɗakin su Abdulƙarim, har an yi rashi, cikinsu da wani dattijo da Mamuda ya ce sun yi hira. Allah shi jiƙansu, shi ba iyalansu haƙuri.

Mamuda ya maimaita mani abin da ma'aikaciyarku ta faɗa mashi a gindin itace. Sai a lokacin na gane abin da kake tsoro. Ina roƙonka kada ka riƙe shi a zuciya. Shi aike ne. Ni na zaɓe shi, kuma don murar na zaɓe shi, ina ganin na yi dabara. Ni na ce shi bi gado gado. In akwai alhakin rai, a wuyana yake. In iyalan dattijon nan suna kusa, ka gaya masu sunana da garina, zan je in durƙusa masu. Kai ban tuhume ka da komai ba. Ka ce gwamnati ba ta faɗin dalili, ni ne ya kamata in tsaya in yi tunani.

Sai roƙo ɗaya. An ce jikin ɗana ya yi tsanani. Murar ta yi ni ta wuce tun kafin Mamuda, yanzu ba ni tari, ba ni atishawa. Dawa na bar ta, abin da shanu suka rage shi ne rabonmu. Ina so in ga Abdulƙarim, ko daga nesa, ko ban taɓa shi ba. Amma na riga na ɓata maka aiki sau biyu, kuma na yi alkawari a bakin masallaci. Ba zan taka asibitinka ba sai da izininka a rubuce, da hatiminka. In ka ga bai dace ba, na haƙura, ka dai sa a gaya mashi ba fushi nake ba.

Jakata a ɗaure take, ina jiran Harisu.

Allah shi ja zamaninka. Haza wassalam.

*

Gindin Dutse, ranar Laraba.

Larai, na ga taki, na gode.

Malam Gide ya rasu ran Juma'a da hantsi. Ɗiyarsa ba ta iso ba, ni ke riƙe da kofinsa. Da safen ya yafito ni, na kai kunne, ya ce: "Likita, takardarmu ta yi kyau, layi ɗaya muka manta. Mu biyu muka manta, kada ka cinye kai kaɗai." Ya huta, sannan ya ce in na ga Baffa in gaya mashi tun da ya kwanta ba wanda ya riƙe hannunsa da hannu biyu sai shi. Mai ɗinkin ma ya tafi. Na bakin ƙofa, wanda ya fara, shi ya tashi, jiya har ya fita shan rana.

Yaya yana nan tsakani. Wani lokaci ya gane ni, wani lokaci ya kira ni da sunan abokan aikinsa. In ya dawo hayyacinsa tambayarsa ɗaya, ko Baba ya yi fushi ne don ya bar gona ya tafi birni. Ya ga ranar nan an cika ɗaki, daga nan shiru.

Baba ya sake rubuto wa Likita. Yana neman izinin zuwa, ya kuma ɗora wa kansa komai. Sista ta ce yana iya zuwa, ya tsaya waje ta taga. Layi ɗaya kawai ake buƙata daga Likita, gobe Baba ya hau mota.

Na rubuta layin. Na zauna na kwaikwayi hannun Malam Gide, ya fito kamar shi ya tashi ya rubuta. Na tsoma gindin kwalba a shuɗi. Sai na kasa bugawa. In Likita ya kira shi zai zo, babu shakka, amma zai zo da rai biyu a wuyansa, yana neman ofishin da zai durƙusa. In ni na kira shi, wataƙila ya ce wani takin Daudawa ne, ko ran nasa ya ɓaci ya zauna, Yaya kuwa ban san ko zai jira wata kasuwar ba.

Harisu zai tashi bayan azahar. Takardar da na kwaikwayi hannun Malam Gide tana aljihuna tun safe. Yanzu na yaga ta.

Bilya.

*

Zuwa ga Baba. Ina gaisuwa, ina gaida Inna.

Baba, ka san hannun nan, kai ka koyar da shi.

Babu Babban Likitan da ya rubuto maka. Ni ne. Ni na faɗa, dattijon da ya rasu, Malam Gide, ya rubuta, hatimin gindin kwalba ne. Takardunka biyu suna wajena, ba wanda ya gan su a asibitin nan.

Na yi ne don a daina cika ɗaki, saboda maganin da ake ba Yaya yana kwantar da ƙarfin jikinsa, murar da ba ta kayar da kai tana iya kashe shi. Na san haka tun kafin in rubuta. Ban faɗa maka ba don ina so in yi kama da manya. Kai ka bi abin da aka rubuta maka, Baffa ya bi abin da ka ce. Wanda ya sani ya yi shiru ni ne. Sista ta ce ba wanda ya san ta inda murar ta shigo. Malam Gide ya bar wa Baffa saƙo mai daɗi, zan faɗa mashi da bakina.

Yabon da ka karanta wa Inna, ni na yabi kaina. A gaya mata.

Alkawarin da ka yi a bakin masallaci, ga wanda babu shi ka yi. Sista Alheri ta yarda ka zo, kai kaɗai. Ba za ka shiga ba, ba za ka taɓa shi ba. Za ka tsaya a tagar da ke kallon dalbejiya. Tofi kuma ka yi shi a tafin hannunka ka shafa wa fuskarka, Allah ya san wanda ake nufi.

Yaya yana tambaya ko fushi kake. Na ce mashi a'a, bai yarda da ni ba. Ba wanda ke yarda da ni, kuma ni na jawo. Abin da za ka yi mani ka yi, amma ka fara tsayawa a tagar.

Na juya gadonsa yana fuskantarta. Ba ni da hatimin da zan buga a ƙasa. Ka zo, Baba.

Ɗanka, Bilya.